Shagon Zare da Kuɗin da Ba Namu Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce mahaifiyarku, mai shagon zare, nake rubuta wannan da hannuna a kan ɗan teburin ɗakina, wanda ƙafarsa ɗaya ke rawa tun kuna yara. Hankalina yana nan daram. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya raɗa mini abin da zan ce. Jiki ne dai ya gaji. Likita ya gaya mini abin da ya gani ba ɓoye-ɓoye, na kuma gode masa, don ni 'yar kasuwa ce, na fi son a faɗa mini magana kai tsaye in san inda na tsaya. Duk mai shakkar hankalina ya tambayi Mai Gilashi, tsohon telan nan da ke zama a bakin ƙofar shagonmu, da mai shagon magani na kusa da mu. Su biyun ne shaiduna.

Da ku uku nake: kai Dogo, babbana, ke Malama, da ke Auta, wadda shagon ke hannunki. Ina so a karanta wannan kuna zaune a ɗaki ɗaya. Malama ce za ta karanta, don ita ce ba ta gaba da kowa, kuma ta saba sa aji ya yi shiru.

Na ɗaya. Rabon gado ba aikina ba ne. Allah ya riga ya yanka wa kowa nasa, ku nemi wanda ya san ilimin ya zauna da ku. Nawa shi ne in nuna muku abin da ba namu ba, don kada ya shiga rabo. Na farko a ciki shi ne harajin ciniki da ke ajiye a ƙaramin asusun banki, wanda Auta ke sa wa hannu. Duk abin da kuka tarar a wurin ranar da na tafi, a kai shi ofishin haraji a kan lokacinsa. Kada a ce ana cikin rashi. Ofishin ba ya zuwa ta'aziyya.

Dogo da Malama, a shagon kuka yi rarrafe, amma kun bar shi da wuri, don haka bari in yi muku bayani. Duk wanda ya sayi zare, ko zif, ko dozin ɗin maɓalli, akwai ɗan abin da ake ɗora masa a kan farashi, na hukuma. Mu ke karɓa, mu ke ajiyewa, mu ke lissafawa, mu ke kaiwa, kuma ba a biyan mu ladan wannan aiki. In muka yi kuskure, mu ake ci tara. In mai saye ya ji haushin ƙarin, mu yake harara, don ƙofarmu ya sani. Babanku, Allah ya ji ƙansa, yakan ce shi ma'aikacin gwamnati ne da ba albashi, ba hutu, ba fansho, kuma da kuɗinsa yake sayen biro. Yana faɗa yana dariya. Amma duk ƙarshen wata sai ya rufe shago da la'asar, ya baje rasit a kan kanta, yana ware na yadi daban, na allura da almakashi daban, don ba abu ɗaya ake ɗora musu ba, kuma dokar takan sauya ba wanda ya zo ya gaya maka. Ni ina karanto masa, shi yana rubutawa. Yawancin faɗan da muka yi a zaman aurenmu a kan wannan kantar muka yi shi, a kanta kuma muka shirya.

Kafin a buɗe asusun, gwangwanin biskit ne a ƙasan durowa. Kowace yamma sai ya ware na hukuma ya zuba a ciki. Akwai ranar da ba a ɗora tukunya a gidanmu ba sai da na je na aro a wurin ƙanwata, gwangwanin nan kuwa yana cike. Na gaya masa magana mai zafi. Bai rama ba. Ya ja ni zuwa bakin ƙofa ya nuna mini shagon da ke fuskantarmu, ya ce in tuna. Mai takalmi ne a wurin a da, mutumin kirki. Ya riƙa juya kuɗin harajin yana saro kaya, da niyyar mayarwa in ciniki ya buɗe. Ciniki bai buɗe ba, tara ta hau kan tara, wata safiya aka zo aka sa masa kwaɗo da takarda a ƙofa. Makonni yana zuwa ya zauna a kan dakalinmu yana kallon ƙofar tasa, babanku yana sayo masa shayi. Daga baya aka yi gwanjon kayan, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Wannan kallon bai taɓa fita daga idon babanku ba. Ku riƙe wannan a ranku, don zai taimake ku gane abin da zan faɗa a gaba.

Na biyu. Na'urar kati da ke kan kanta ta banki ce, haya muke biya, kada a sa ta cikin kayan gado. Auta ce ta kawo ta, da ƙyar babanku ya yarda. Tana da gaskiya: matasan teloli sun daina yawo da kuɗi a aljihu, in ka ce ba ka karɓar kati sai su wuce babban kantin bakin titi. Shi ma yana da tasa gaskiyar. Duk cinikin da ya bi ta na'urar, sai an cire kamasho kafin kuɗin ya iso gare mu, kuma ba ranar yake isowa ba. Abin da ya fi ci masa rai, a kan jimlar kuɗin ake cirewa, har da harajin da ke ciki. Wato mu karɓar wa hukuma kuɗinta, mu biya kamashon karɓar daga aljihunmu, sannan mu kai mata nata cif, ba ragi. Ranar da Auta ta fahimtar da shi haka, ya kalli na'urar ya ce ashe ya yi sabon abokin tarayya, wanda bai zuba jari ba, bai taɓa share shago ba, amma ba a cin riba sai da shi.

Ribar irin kayanmu kun san ta, ba ta da kauri. Mai Gilashi ya taɓa sayen allura guda ɗaya, ya miƙo katin da jikarsa ta yi masa, yana ta alfahari. Babanku ya lissafa a zuci, ya ga in ya karɓa, da kamasho da takardar rasit, asara zai yi. Sai ya ce masa ya mayar da katinsa aljihu, allurar kyauta ce. Tsohon ya gane dabarar. Tun daga nan duk lokacin da yake son allura sai ya zaro katin yana kaɗa shi tun daga bakin ƙofa, babanku yana cewa ga ɗan fashi ya iso. Auta, ki bar masa kujerarsa a inda take, allurarsa kuma ta ci gaba da zama kyauta har ƙarshen ransa.

Shawarata gare ki a kan na'urar: ki riƙe ta, zamani ya riga ya zo da ita. Kada ki ɓoye wa mai saye wani ƙari a cikin farashi, kada kuma ki ɓata wa mai kati fuska, ba shi ya yanka kamashon ba. Ki adana rasit ɗinki, kin dai tuna mutumin da ya kwashi yadi ya biya da kati, daga baya ya ce wa banki bai san da cinikin ba, aka janye kuɗin, kayan kuma sun tafi. Ki haɗa kai da maƙwabtanki masu shaguna ku je banki tare ku nemi ragi, ku riƙa komawa ko an hana ku. Babanku bai taɓa zuwa ba, don bai iya roƙo ba. Ke ba sai kin gaje shi a wannan ba. Masu cewa ki sayar musu ba rasit ki yafe musu harajin kuwa, ki ba su haƙuri cikin fara'a. Ba naki ba ne balle ki yafe, kuma ranar da aka zo bincike ba za ki ga ko ɗayansu a bayanki ba.

Na uku. Dillalin da ke kawo mana zare yana bin mu rabin kuɗin kayan ƙarshe. A biya shi kafin ya tambaya, ya daɗe yana ɗaga mana ƙafa. Teloli da muke bi, masu hali su biya a hankali, kada a matsa musu. Matar nan da mijinta ya rasu ya bar ta da keken ɗinki da yara, na yafe mata abin da ke kanta, a cire daga sulusin da nake da iko da shi. Na san mun riga mun biya harajin kayan da ta ɗauka, Auta, ba sai kin tuna mini ba. Na yafe har da shi. Ki gaya mata ke da ita kaɗai, ba a gaban mutane ba.

Na huɗu. Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Sauran duk da baki ma da na iya faɗa.

Dogo, tun rasuwar babanku ba ka taka shagon ba. In za ka zo gaishe ni, sai ka fara buga wa Malama waya ka tabbatar Auta ba ta nan. 'Ya'yanka da nata a hoto suka san juna. Na ɗauko maka maganar nan da baki ba sau ɗaya ba, kana jin na fara sai ka duba agogo ka ce hanya da nisa. Takarda ba a katse ta, don haka ka zauna ka ji.

Lokacin da ciwon babanku ya yi tsanani, likitoci suka ce sai an yi masa aiki, kuma sai an ajiye kuɗi kafin a shiga da shi. Abin ya zo mana a mummunan lokaci. Cinikin komawa makaranta ya wuce, mun mayar da abin da muka samu cikin sabon kaya, wani cinikin kati kuma bai iso ba. Kuɗi mai kauri da ke hannunmu guda ɗaya ne, na haraji, saura 'yan kwanaki a kai shi. Ka baro aikinka ka iso da rana tsaka, ka wuce shago kai tsaye, ka ce wa Auta ta tashi ku je banki. Ta ce ba za ta iya ba. A gaban masu saye ka ce mata ta zama 'yar karɓar haraji, ta fi tsoron ofis a kan ta rasa ubanta. Ita kuma ta tambaye ka ina kake duk shekarun da suke fama da shagon, sai yau za ka zo kana ba da umarni. Ka fita, ka sayar da motar da kake ɗaukar kayan aikinka na gyaran wuta, a farashin da kowa ya san an cuce ka. Bayan 'yan kwanaki aka yi aikin. Babanku ya farfaɗo, ya yi magana da mu, har ya ci abinci da hannunsa. Bayan wasu makonni Allah ya karɓi abinsa. Kai kuma ka ɗauki 'yan kwanakin nan na jinkiri ka rataya wa ƙanwarka a wuya, har yau ba ka sauke mata ba.

Ga abin da idona ya gani. Da safiyar ranar, kafin ka iso, ni da Auta muna gefen gadonsa a asibiti. Ita ce ta fara kawo maganar kuɗin, kafin kai. Ta ce masa za ta je ta ciro, daga baya ta san yadda za ta yi da ofishin. Mutumin da ko kofi ba ya iya ɗagawa ya yunƙura ya riƙe wuyan hannunta, ya ce: "Sunanki ne a takardunsu yanzu, ba nawa ba. In na tashi, to. In ban tashi ba, kada in bar miki kwaɗo a ƙofa. Ki yi mini alkawari." Ta yi ta kuka tana girgiza kai, bai sake ta ba sai da ta yi. Da wannan alkawarin a bakinta ka same ta a shago. Ba ta gaya maka a lokacin ba, don ta san halinka, za ka wuce asibiti ka tayar masa da hankali. Daga baya da ta so faɗa, ka daina ɗaukar wayarta.

Bayan rasuwar na koma wurin likitan da ya yi aikin, na tambaye shi ido da ido ko jinkirin ne ya jawo. Ya ce ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin mu kawo shi, kwanakin nan ba su ƙara komai ba, ba su rage ba. Malama tana wurin, da kunnenta ta ji.

Yanzu ga tawa maganar. Da ni ce mai sa hannu a asusun nan, Dogo, da na ciro kuɗin, ko da babanku zai yi fushi da ni har ya koma ga Allah. Zuciyata tana tare da kai a ranar. Ba ka yi laifi ba da ka ga ran ubanka ya fi komai. Ita ma ba ta yi laifi ba da ta riƙe maganar da ya ɗora mata yana kan gado. Babanku mai gaskiya ne, amma abin da ya gani ya faru da mai takalmi ya taurara shi fiye da kima. Da ya bari an je ofishin an bayyana halin da ake ciki an nemi ƙarin lokaci, wataƙila da sun saurara. Bai bari ba. Nauyin ya faɗo kan yarinyar da ke tsaye kusa da shi. Har yau, duk ƙarshen wata in ta gama tura kuɗin nan, sai ta shiga ɗakin ajiya ta daɗe, ta fito idonta ja ta ce ƙurar yadi ce. Ni na haife ta, na san ƙurar yadi.

Auta, ke ma ki ji. Maganar da kika gaya wa yayanki ba daidai ba ce. Bai tsaya a bayan kanta ba, amma kantocin ƙarfen da kike jera zare a kai da kuɗinsa aka yi su, wutar shagon da hannunsa ya ja ta, kuma bai taɓa yi mana gori ba. Bayan ya sayar da motar ya fi shekara yana saɓa jakar kayan aiki a kafaɗa yana bin motar haya, manyan ayyuka suna wuce shi don ba shi da abin ɗaukar tsani. Bai gaya miki ba, matarsa ce ta gaya mini. Ke ce ƙarama, ki fara ba shi haƙuri. Kai kuma, Dogo, ka karɓa ba ja-in-ja, sannan ka je shagon ka janye taka maganar a inda ka faɗe ta. Ba sai an tara mutane ba. Ka shiga, ka zauna, ta ba ka ruwa ka sha. Masu saye suna da ido, za su gane.

Na biyar. Kuɗin motarka, Dogo. Da babanku ya farfaɗo ya tambaye ni da me aka biya asibiti. Da na gaya masa, ya juya fuskarsa bango ya ce bashi ne a kansa, in tabbatar an mayar maka. Na kawo maka maganar bayan rasuwarsa, ka ce kai ba ka ranta wa ubanka komai ba. Na gane abin da kake nufi, kuma Allah ya saka maka. Amma shi bashi ya kira shi, ni kuma saƙo aka ba ni. A fitar da kuɗin kafin rabo, a kan farashin da motar ta cancanta, ba wanda aka saye ta ba. Ka karɓa don ka sauke wa babanka nauyi, ni ma ka sauke mini. Abin da za ka yi da shi bayan nan ya rage naka.

Na shida. In kun nemi sarƙata da 'yan kunnena na zinariya ba ku gani ba, kada a zargi kowa. Ni na sayar da su, tun ranar da likita ya gama yi mini bayani. Na ba Malama kuɗin ta riƙe, da shi ake sayen maganina ake biyan asibiti, da shi kuma za a yi mini sutura. Abin da ya rage ya koma cikin gado. Na yi haka don kada a sake tsayar da ɗayanku ya zaɓa tsakanina da wani abu. Sau ɗaya aka yi a gidan nan, ya isa.

Na bakwai. Shagon. Wannan roƙo ne, ba umarni ba, don haƙƙinku ne. Kada ku raba kayan cikinsa. Zaren da aka kasa uku ba zai amfani kowa ba, kuma wurin ya ciyar da ku, ya biya muku makaranta. A yi masa ƙima, Auta ta ci gaba da riƙewa, tana biyan 'yan'uwanta rabonsu a hankali yadda cinikin zai iya ɗauka. In za a yi ƙimar, kada a dubi kuɗin da ke shigowa, a dubi wanda ke kwana bayan an fitar da na hukuma, da na banki, da haya, da na dillali. Wanda ya leƙo ya ga teloli sun cika ƙofa zai ɗauka ana kwasar dukiya. Dogo da Malama, ku zo ƙarshen wata ɗaya ku zauna da ita ku ga lissafin da idonku, ku kuma bayyana wa iyalanku, don kada wata magana ta taso daga baya.

Auta, ki riƙa yanka wa kanki albashi, kin daɗe kina aiki kamar ba ki da ciki. Ki nemi wanda ya san aikin haraji ya riƙa taya ki, ko da biya ne. Ni da babanku mu biyu ne a kan kantar nan, ke kuwa ke kaɗai kike yi tun da idona ya raunana. In wata ya zo da kika ga kuɗin ba zai cika ba, ki tafi ofishin da ƙafarki kafin su zo da tasu, ki kuma gaya wa 'yan'uwanki tun da wuri. In kuma wata rana kika ga shagon ya kasa ɗaukar kansa, cirewa ta fi samu yawa, to ki biya kowa haƙƙinsa, ki rufe da hannunki, ki miƙa mabuɗi kanki a sama. Ba ki ci amanarmu ba. Don ku muka buɗe shi, ba mu haife ku don shi ba. Alkawarin da babanki ya ɗora miki kin cika shi, kin biya shi da tsada, ni shaida ce.

Malama, ke ban ba ki wani aiki mai yawa ba, don kin riga kin yi naki. Shekarun nan ke ce mai kai saƙo tsakanin yayanki da ƙanwarki, kina rage wa magana zafi a hanya kafin ki isar, kina cewa wannan yana gaishe da wancan alhali ba wanda ya aiko ki. Ina sane. Ki ajiye wannan kayan, ki huta. Daga yau duk mai magana ya kai abarsa da bakinsa.

Na takwas. Tufafina a ba mabuƙata, ban da mayafin nan ruwan toka, a kai wa ƙanwata in kun yarda. Ku riƙa leƙa ta. Tana da tsawon magana, ku yi haƙuri ku saurara, ita kaɗai ta rage da ta san ni tun ina yarinya.

Abin da ke raina ke nan. Duk wanda na ɓata wa a cikinku, da faɗa ko da shiru, ya yafe mini. Ni na yafe muku duniya da lahira, ba na riƙe da kowa da komai. Ku nemar mini gafara wurin maƙwabta da abokan ciniki, mai awo da lissafi ba ya rasa haƙƙin wani a kansa ko bai sani ba.

Dogo, Allah ya sanyaya maka zuciya, ya buɗa maka a sana'arka, ya ba ka 'ya'yan da za su tsaya maka yadda ka tsaya wa ubanka. Malama, Allah ya ba ki mai lallashinki yadda kika lallashi kowa, ya sa albarka a yaran da kike koyarwa da waɗanda kika haifa. Auta, Allah ya sa albarka a hannunki, ya kare ki daga asara da sharrin masu ƙarya, ya ba ki barci mai daɗi. Allah ya yi muku albarka ku duka, ya haɗa kanku, ya sada mu a inda ba rabuwa.

Ku riƙe juna. Kai ne babba yanzu, Dogo, gidanka ne gidansu, kada ƙannenka su nemi izini kafin su shigo. Ku bar yaranku su yi wasa tare, su yi faɗa, su shirya, su san ɗakunan juna. In an gama karanta wannan, kada kowa ya tashi ya nemi takalminsa. A ɗora tukunya, ku ci abinci a kwano ɗaya, ko da ba mai jin yunwa.

Mahaifiyarku.